Mai-aya da Jinin Ƙaninsa

Ya 'yan uwa cikin Ubangiji, ku ba ni kunnuwanku.

An yi wani mutum, kafinta, mai shagon yankan katako. Dattijo ne a ikilisiyarsu. Ranar Lahadi shi ke karanta Maganar Allah a gaban jama'a, da murya kamar ƙararrawa. Ko atishawa ka yi sai ya kawo maka ayar da ta dace, har aka sa masa suna Mai-aya.

A shago kuwa kura ce da fatar akuya. Ma'aikaci ya goce da layin awo, sai zagi har iyaye. Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe masa bakin katako idan injin yanka yana aiki. Wata rana Mai-aya ya mari wani tsohon ma'aikaci saboda ƙusa ta lanƙwashe. Ƙanin ya kasa haɗiyewa, ya ce, "Yaya, kai ka san Littafi, amma Littafi bai san ka ba."

Ma'aikata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. A ranar Mai-aya ya kori ƙanin.

Sau uku ƙanin yana zuwa neman gafara. Na farko aka bar shi tsaye a rana. Na biyu aka kunna inji don kada a ji muryarsa. Na uku ya zo da fasto, Mai-aya ya yi murmushi ya ce ai ya yafe tuntuni. Fasto na juya baya, Mai-aya ya tofa yawu.

Wa yake ruɗa? Fasto ko Allah?

Bayan shekara guda mota ta buge ƙanin a hanya. Likita ya ce sai an ƙara masa jini kafin la'asar. Irin jininsa mai wuyar samu ne, kuma duk dangi na yayan ne kaɗai ya dace. Matar ƙanin ta zo shago da gudu, ba ko takalmi. Ta durƙusa cikin garin katako, ta kama ƙafar Mai-aya.

"Yaya, don girman Allah. Leda ɗaya kawai. Ɗan uwanka ne."

Bai ajiye guduma ba. Ya ce, "Ki gaya masa abin da mutum ya shuka shi yake girba. Tashi, kina tare mini haske."

Kun ji? Maganar da aka ba mu domin rai, ita ya wasa ya yanka ɗan uwansa da ita. Ya gama haɗa kujerarsa, ya shafa mata fenti. Kafin fentin ya bushe ƙanin ya cika.

Ranar jana'iza ya sa farar riga, ya tsaya bakin kabari, ya buɗe Littafi zai karanta. Sai mahaifiyarsu ta taso tana dogara sanda. Ta zare Littafin daga hannunsa, ta goge bangon da bakin zanenta, ta miƙa wa fasto.

Ta ce, "Biyu na haifa. Yau na binne biyu."

Ba ta sake yi masa magana ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Daga nan abu ya fara zubewa. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu, ta ce wanda ya hana ƙaninsa jini ba ta san me zai hana ta ba. Ma'aikata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Girman kai ya hana shi roƙon kowa, ya ci gaba da yanka shi kaɗai, aikin da sai mutum biyu. Wata safiya katako ya goce, inji ya cinye hannunsa na dama har wuyan hannu. Ya yi ta ihu. Maƙwabta sun ji, amma sun saba jin ihunsa a kan mutane, ba wanda ya leƙo sai da ya suma.

Shago ya rufe, injuna suka yi tsatsa. Yanzu kullum yana bakin kabarin ƙaninsa, riga duk datti, yana cewa, "Na yafe maka, kai ma ka yafe mini." Ƙasa ba ta amsawa.

Ya 'yan uwa, haddar aya ba ta kai kowa ko'ina ba. Shaiɗan ma ya iya jawo aya. Abin da ka ji ranar Lahadi, ranar Litinin ake nemansa: a shago, a ofis, a ɗakin matarka, a bakinka lokacin da ranka ya ɓaci. An ce ka gafarta, ka gafarta? An ce ka ƙaunaci ɗan uwanka, waye wanda ka daina gaisarwa? Na san sunansa ya faɗo maka a rai yanzu. Ƙofar jinƙan Allah a buɗe take, amma ɗan uwanka ba zai zauna har abada yana jiranka ba. Kada ka ci abincin rana yau sai ka neme shi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar aikata abin da muka ji. Allah ya kiyaye mu da baki mai aya da zuciyar dutse. Amin.