Zalɓe da Ruwan Mutanen Gangare

Dalilin da ya sa kuke ganin Zalɓe tsaye a bakin rafi da ƙafa ɗaya, ya zuba wa ruwa ido kamar wanda kuɗinsa ya faɗa ciki, ba kifi kaɗai yake jira ba. Kai Tanimu, bar cewa barci yake yi, kai ne dai sarkin barci a gidan nan. Ku matso ku ji.

A da can, Zalɓe da ƙafa biyu yake tsayuwa kamar kowa, har ma yana da muƙami. Akwai wani kogi da ya ratsa ƙasashe biyu, ƙasar Tudu a sama, ƙasar Gangare a ƙasa, kowace da sarkinta. Mutanen Tudu suka yi madatsa, suka tare ruwan damina a wani babban tafki. Mutanen Gangare suka ce ba su yarda ba, ai kogi ba na mutum ɗaya ba ne. Aka yi ta rigima, har aka gaji aka zauna. Aka yi rantsuwa cewa duk ranar da ruwan tafki ya kai gwiwar Zalɓe, za a buɗe ƙofar ruwa a sakar wa Gangare rabonta. Aka nuna masa wurin tsayuwarsa, daidai gaban wata giginya. An zaɓe shi ne don ba ya ƙarya, kuma ba wanda ya kai shi doguwar ƙafa.

To, a Gangare akwai wata tsohuwa, Gwaggo Ladingo. Ita ce ta tsinci Zalɓe yana ƙarami da karyayyiyar ƙafar hagu, ta yi masa ɗori da karan dawa, ta yi jinyarsa har ya taka. Ba ta da komai a duniya sai 'yar gonar shinkafarta. Kowace shekara, da ruwa ya taɓa gwiwarsa, Zalɓe zai yi kuka a buɗe, sannan ya tashi ya riga ruwan isa wurinta, ya ce, "Gwaggo, gyara kunyoyinki, ga shi nan tafe."

Ana nan, sai mutanen Tudu suka ga bakin tafki da danshi. Suka sare geza, suka tuge jema da gamban da ke riƙe da gaɓa, suka yi fangalin albasa har bakin ruwa. Da aka yi ruwan sama, ba abin da zai tare ƙasa, sai yashi ya yi ta gangarowa yana kwanciya a gindin tafkin. Ba wanda ya lura. Wa ke leƙa ƙarƙashin ruwa?

Da lokacin sakin ruwa ya yi, Zalɓe ya je gaban giginya ya tsaya. Tafki ya cika fal, har yana lasar fangalin albasa. Ya duba ƙafarsa, ruwa ko rabin ƙwauri bai kai ba. Ya dubi tafkin, ya sake duban ƙafar. Kansa ya ɗaure.

Gwaggo Ladingo ta jira, ta jira, shiru. Shinkafarta ta yi ciki, ganyen ya fara naɗewa. Ta ɗauki sandarta ta hawo Tudu da ƙafa.

Ta ce, "Ɗan nan, lafiya? Ga ruwa har ya rasa wurin zama, me kake jira?"

Ya ce, "Wallahi Gwaggo ni ma ban gane ba. Idona ya ce ya cika, ƙafata ta ce da saura."

"To ka bi idon mana."

"Ai ba da ido aka yi rantsuwar ba, Gwaggo."

Sarkin Ruwan Tudu, wani mai suna Nomau, yana tsaye a kan gaɓa yana sosa ƙeya. Shi ma abin ya dame shi, don ruwan ya fara cin albasarsa. Amma ya ce, "Inna, mu ba mu hana ku ba. Gwiwa aka ce. In na buɗe yau ba gwiwa, baɗi ku ce a buɗe tun yana idon sawu."

Aka taru, kowa da tasa. Wani ya ce giginyar ce ta matsa. Wani ya ce Zalɓe ne ya ƙara tsawo, har aka kawo kara aka auna shi, aka rasa da me za a gwada, don ba wanda ya auna shi bara. Wata mata ta ce ruwan bana ne bai da nauyi. Kun ji fa, manya da furfurarsu! Kowa na kallon sama da gefe, alhali tulin yashi ne Zalɓe ke tsaye a kai.

Can sai wani daga baya ya ce, "Ko dai ƙafar da aka yi wa ɗorin nan ce ta karkace?"

Maganar ta soki Zalɓe, ta soki Gwaggo. Ya naɗe ƙafar hagu ya ɓoye ta a gashin cikinsa, ya auna da ta dama. Bai kai ba. Ya sauke, ya ɗaga ta dama, ya auna da ta hagu. Bai kai ba. Ya yi ta sauyawa, gumi na karyo masa.

Ya ce, "Gwaggo, ki ɗan ƙara haƙuri. Yanzu zai kai."

Ta dube shi, ba ta yi fushi ba, tausayi ma ya ba ta. Ta ce, "Ni na ɗora ƙafar nan, na san lafiyarta ƙalau. In ya kai, ka zo ka gaya mini." Ta juya ta gangara.

Ruwa dai bai kai gwiwa ba. Abin da ya yi, ya yi ta faɗi yana cin gaɓar da aka tsiraita, har wata rana da hantsi ya ɓalle ta gefe. Ya kwashe albasar Tudu, ya dira Gangare a lokacin da shinkafa ta riga ta zama ciyawa. Mutanen Gangare suka ɗaure kayansu suka bar ƙasar, Gwaggo Ladingo na cikinsu. Da tafkin ya janye, kowa ya ga tulin yashi a gaban giginya, kowa ya kama baki. Amma kunya ta hana a yi wa Zalɓe bayani, shi kuma bai taɓa duban abin da yake takawa ba.

Shi ya sa har gobe, duk inda ruwa ya taru za ku gan shi ya shiga ya tsaya, ya ɗaga wannan ƙafa, an jima ya sauya waccan, bai san wacce ce ta yaudare shi ba. In kun matsa kusa ya tashi da kukan nan nasa mai kaushi, kada ku jefe shi. Gangare ya nufa, ya ce wa Gwaggo ta ƙara haƙuri, saura kaɗan.