Yadda Leɓen Zomo Ya Tsage

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna ji.

Dabbobi na da wasa: wani ya jefo goruba, abokin hamayya ya make ta da sanda. Zomo ya ci waken Birai a matsayin ladan yi musu jifa, ya ci na Gafiyoyi a matsayin ladan yi musu duka. Sai ɓangarorin biyu suka haɗu a wasa.

Kunkuru alƙali ya ce, "Malam Zomo, zaɓi ɗaya, ka amayar da waken ɗayan."

"Haba Baba, duka biyun zan yi!"

Ya wurga goruba, ya sheƙa ya wuce ta, ya suri sanda. Yana juyowa, ƙwal a baki! Leɓe ya tsage, har yau.

Ya tofar da jini ya ce, "Mai dukan dai shashasha ne, amma ku yaba wa mai jifan."

Ƙurunƙus, na sauke ta kan ɓera.