Jirgin da Ya Juya wa Bagadi Baya

Akwai wani dattijo mai suna Torleif, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi a wani ƙauye na gaɓar Norway. Da aka gama sabuwar majami'arsu ta siminti da gilashi, sai ya sassaƙa ƙaramin jirgin katako domin a rataye shi a rufi, kamar yadda aka gada, don tunawa da ƙanensa da teku ta ci. Ƙa'ida ita ce goshin jirgi ya fuskanci bagadi.

Ranar aikin gayya, maƙwabcinsa Oddvar, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji, ya ce, "Kyaftin, waya ɗaya ba za ta riƙe shi ba. Bari in kama maka ta biyu."

"A tsohuwar majami'a ɗaya ce, tun kana zanen goyo," in ji Torleif. "Je ka taya mata dafa gahawa."

Sai dai sabon gini yana da na'urar hura iska mai ɗumi daga sama. Ranar Lahadi ana tsakar waƙa jirgi ya soma juyawa, har ya fuskanci ƙofa.

Wata tsohuwa ta raɗa, yadda kowa zai ji, "Jirgin Kyaftin ya gaji da wa'azi, gida ya nufa."

Bayan sujada Fasto Sigrun ta ce, "Torleif, idan bai tsaya ba kafin zuwan bishop, dole mu sauke shi."

Torleif ya kasa zaune, ya kasa tsaye. Ya hau tsani ya murɗa wayar, ya sauko, jirgi ya juya. Ya ƙara masa darma, ya juya. Waya ta biyu kuwa sai mutum biyu sun ja tare, kowa a kan tsaninsa.

Ya je ƙofar Oddvar ya dawo. Ya sake komawa, ya ƙwanƙwasa.

"Kana da tsani?"

Oddvar ya dube shi sama da ƙasa. "Tsani kake nema, ko mai tsani?"

"Mai tsanin," in ji Torleif.

Tare suka ɗaura waya ta biyu. Ranar da bishop ya zo, jirgin bai motsa ba.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Saninka na jiya ba ya hana ka buƙatar hannun maƙwabci yau. Ku tura wa 'yan uwa domin su ma su amfana.