Yumɓun da Raga Ta Haɗiye

Ku gyara zama, jama'a, ta yau ba ta dariya ba ce.

Akwai wata madatsar ruwa a saman wani gari, Injiniya Barau ne ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau. A aikinsu, sai su zana madatsa a kwamfuta, su yayyanka ta gida-gida kamar raga, na'ura ta lissafa nauyin da kowane gida zai ɗauka. To, Barau ya yi gidajen manya-manya don lissafi ya yi sauri. Ashe ƙarƙashin madatsar akwai shimfiɗar yumɓu mai santsi, ko kaurin yatsa ba ta kai ba. Raga ta haɗiye ta, kwamfuta ba ta ma san da ita ba.

Mutum uku Barau ya koya wa aiki: Tanimu, Iliya, da 'yarsa Zulai.

Tanimu ne ya ga tsaga a jikin madatsar, hankalinsa bai kwanta ba. Ya kai injin haƙa wurin a tsakiyar damina, ya ciro yumɓun, amma injin ya tafi da hannunsa na dama.

Iliya ya sake saƙa ragar, ya cusa siraran gidaje cikin yumɓun. Kwamfuta ta yi ta cijewa, shi kuma yana warwarewa yana sakewa, har ta nuna madatsa za ta zame. Kamfanin da suke wa aiki ya ce ya yi shiru. Ya ƙi, aka kore shi, har yau ba mai ɗaukarsa aiki.

Amma wa zai saurari korarre? Garin nan maganar Barau kaɗai suke ji. Zulai ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ce, "Baba, raga ce ta yi kuskure. Ka fito ka gaya musu."

Ya ce, "Ni na saƙa ta, Zulai. Tashi ki ba ni wuri."

Wayyo, yarinyar nan ta sha kuka! Ranar kasuwa ta tsaya gaban jama'a, ta ce lissafin mahaifinta ba daidai ba ne. Da suka ji daga bakin jininsa, suka kwashe suka hau tudu.

Madatsa ta ɓalle, ko akuya ba a rasa ba. Shi kuwa Barau bai ƙara amsa gaisuwar Zulai ba, har ya rasu kafin kaka.

Yanzu an gina sabuwar unguwa a tudu, kuma sunan mutum ɗaya za a sa mata. To, ku gaya mini, tsakanin Tanimu, Iliya da Zulai, sunan wa ya fi cancanta?