Ɗigo Arba'in na Alƙalamin Sarki

An yi wani sarki a Birnin Kanwa, sunansa Mamuda ɗan Ilyasu, wanda ya hau gadon mahaifinsa yana da shekara talatin da huɗu, ya kuma gaji abubuwa uku da ba a raba su da mulki a wannan ƙasa: takobi, da hatimi, da alƙalami. Takobin ya daɗe a kube, hatimin yana hannun waziri. Shi kuwa alƙalamin, baƙi ne wuluk mai bakin zinariya, irin wanda ake ɗura wa tawada a cikinsa, yana hannun wani dattijo, Magatakarda Shu'aibu, wanda ya yi wa marigayi Sarki Ilyasu hidima shekara talatin da ɗaya. Bisa al'adar ƙasar, babu umarnin da ke zama hukunci sai sarki ya sa masa hannu.

Wata bakwai na farko na mulkin Mamuda, duk takardun da ya sa wa hannu na alheri ne: naɗi, da kyauta, da afuwa. Ko yaushe aka kira alƙalami, sai a ga Malam Shu'aibu ya shigo da sauri irin wanda bai dace da gwiwoyinsa ba, alƙalami cike da tawada, murfinsa a cire.

A bayan fada akwai wani lambu na lemo, bishiya goma sha uku, waɗanda mahaifiyar sarki, marigayiya Maimunatu, ta dasa da hannunta. Ruwan lambun daga madatsar sarki yake zuwa, mai kula da madatsar kuwa shi ne Sarkin Rafi Tanimu. A wannan shekara rani ya tsananta, rijiyoyin Unguwar Marina suka ƙafe, sai Tanimu ya karkatar da ruwan zuwa unguwar har kwana ashirin, ba tare da ya nemi izini ba, a lokacin da sarki yake rangadi. Da sarki ya dawo ya shiga lambun, ya tarar bishiya goma sha biyu sun bushe, ɗaya ce kawai ta rage da ganye. Ya juya ya koma fada. Da gari ya waye ya sa aka rubuta takardar tuɓe Tanimu da korarsa daga ƙasar har abada, ya ce a kawo alƙalami.

Malam Shu'aibu ya ji kiran, ya san ranar da ya daɗe yana tsoro ta zo. Ya juye tawadar alƙalamin, ya wanke cikinsa da ruwa, ya goge, ya ɗora shi a kan faifai tare da kurtun tawada da wani siririn bututun gilashi, ya shiga a hankali ya durƙusa.

Sarki ya ɗauki alƙalami ya ja a kan takarda, bai rubuta kome ba. Ya sake ja, ko ɗigo babu.

Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jiya da la'asar da idona na ga alƙalamin nan cike. Tawada kuwa ba ta da ƙafa. Ko dai tsufa ya cim ma Malam, ko kuwa tausayin Tanimu ya rinjaye shi. Ga alƙalamin da shugaban wata ƙasa ta gabas ya aiko maka, zinariya ne tun daga kai har gindi, ba ya ƙafewa, ba ya gardama."

Aka kawo shi aka ajiye kusa da tsohon alƙalamin. Sarki ya dubi magatakarda, idanunsa jajur, amma muryarsa a kwance. Ya ce, "Malam Shu'aibu, mahaifina ya girmama ka, ni ma ba na son in wulaƙanta furfurarka. Zan yi maka tambaya biyu. Me ya sa alƙalamin nan yake gudu zuwa ga kyauta, yake ƙafewa a gaban horo? Sa'an nan, a cikin biyun nan, wanne ya fi cancanta da hannun mai mulki? In ka gamsar da ni, ka ci gaba da aikinka. In ka kasa, to, na san ha'inci ne, kai da Tanimu hanya ɗaya za ku bi."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Shekararsa saba'in da biyu, kabarin matarsa yana bayan ganuwar nan, bai san wata ƙasa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, waziri ya faɗi gaskiya, ni na juye tawadar, kuma da gangan. Harshena ba shi da fasahar amsa tambayarka, amma hannuna ya san amsar. Ina roƙon alfarma a bar ni in ɗura tawadar a gabanka, yadda na saba yi a gaban mahaifinka idan mun keɓe. Cikin alƙalamin nan ɗigo arba'in yake ɗauka. Idan ya cika, ka sa hannu a kan takardar Tanimu, ka sa a kan tawa, ba zan ɗaga kai ba."

Sarki ya ce, "Ɗura."

Malam Shu'aibu ya warware alƙalamin, ya tsoma bututun cikin kurtu, ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya ce, "Tanimu ɗan Jatau, shekara goma sha tara yana tsaron madatsa." Ya ɗiga na biyu, ya ce, "Mahaifiyarsa Kande, makauniya, ba ta cin tuwo sai ta ji muryarsa a ƙofar gida." Na uku, "Matarsa Indo, tana da ciki wata takwas." Haka ya bi 'ya'yan Tanimu biyar da sunayensu, da marayun ƙanensa uku, ɗigo ɗaya suna ɗaya, bai ƙara kalmar roƙo ko guda ba. Da sunayen gidan suka ƙare, sai ya shiga Unguwar Marina, yana ambaton masu gidajen da suka sha ruwan nan na kwana ashirin.

A ɗigo na ashirin da shida sarki ya ɗaga hannu. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

"Mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Ranar da ya damƙa mini alƙalamin ya ce, 'Shu'aibu, na san zuciyata, tana da saurin tafasa. Idan na kira shi don alheri, kawo shi a guje, kada in sami damar sake shawara. Idan na kira shi don horo, kawo shi a wanke, ka ɗura a gabana, ka kira mini sunan duk wanda hukuncin zai taɓa.' Na rubuta kowane karo, ranka ya daɗe. Sau ɗari biyu da goma sha huɗu ya kira shi don horo. Ya sa hannu a kan tamanin da bakwai, domin sun cancanta, ya sa kuwa yana sane da nauyin kowane suna. Sauran suna cikin akwatina, babu sa hannu."

Waziri ya ce, "Wannan labari ne mai daɗi, amma ina shaida?"

Dattijon ya yi jinkiri, domin marigayin ya umarce shi da ya ɓoye takarda ɗaya, sai fa in larura ta tilasta. Ya sa hannu cikin aljihun rigarsa, ya fito da ita a naɗe, ta yi ja saboda daɗewa, ya miƙa da hannu biyu. Sarki ya warware, ya karanta, ya ga sunansa. Umarni ne na cire Mamuda daga jerin magada da korarsa daga ƙasa, saboda a shekarar da fara ta cinye amfanin gona, yana ɗan shekara goma sha tara, ya buɗe rumbunan sarki ga talakawa ba da izini ba. Wurin sa hannu fari fat.

Sarki ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce a hankali, "Bai taɓa faɗa mini ba. A ɗigo na nawa ya tsaya?"

"A na biyu. A lokacin ba ka da mata, ba ka da ɗa. Na ɗiga na farko na kira sunan mahaifiyarka. Da na ɗiga na biyu sai na rasa wanda zan kira. Sai mahaifinka ya ce, 'Ka manta da ni, Shu'aibu. Kira sunana.' Na kira. Ya rufe alƙalamin, ya juya fuskarsa ga bango."

Sarki ya ja gefen rawaninsa ya rufe idanunsa, babu wanda ya kuskura ya dube shi. Can ya ce, "Saura tambaya ta biyu, Baba."

Shu'aibu ya ji wannan suna, wanda rabon da ya ji shi daga bakin Mamuda tun yana koya masa riƙon alƙalami, hawaye ya cika masa ido. Ya ce, "Dukansu sun cancanta, zaki, amma kowanne da aikinsa. Sabon nan da ba ya ƙafewa, a ba shi kyauta da afuwa, ya fi ni sauri, gwiwoyina sun gaji. Tsohon kuwa a bar masa horo, shi da ɗigonsa arba'in."

Sarki ya naɗe takardar Tanimu ya miƙa masa, ya ce, "Sa ta cikin akwatinka tare da 'yan'uwanta. Wannan tawa kuwa zan riƙe." Sa'an nan ya ɗauki sabon alƙalami ya rubuta umarni uku. Na farko, a tsawata wa Tanimu a kan rashin aiko da manzo, ya ci gaba da sarautarsa, ya kuma raya sababbin bishiyoyi goma sha biyu daga irin wadda ta rayu. Na biyu, a haƙa wa Unguwar Marina rijiya mai zurfi. Na uku, Magatakarda Shu'aibu ya riƙe alƙalamin muddin ransa, a yafa masa alkyabbar Sarki Ilyasu, a kuma rubuta ɗigo arba'in cikin dokokin ƙasa, domin kada al'adar ta bi shi kabari.

Dattijon ya yi godiya, ya ɗauki tsohon alƙalami, ya mayar da ɗigo ashirin da shida cikin kurtu, ya rufe.

Masu hikima sun ce: mai mulki ya gaggauta rahama kafin zuciya ta yi rowa, ya jinkirta horo har fushi ya huce, domin hukunci suna ɗaya yake ɗauka a takarda, amma a kan gida guda yake sauka.