Mai Ludayi da Kada

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To ku matso, mai gyangyaɗi kuma ba zan maimaita masa ba.

An yi wani mutum, Barmo, mai dafa wa mayaƙa abinci. Yaƙi ya ƙare, suka shiga kwale-kwale za su gida, guzurinsu ɗan garin gero. Cikin masu tuƙi akwai ƙaninsa Jatau.

Al'adar jirgi ita ce mai riƙe ludayi shi ke sha ƙarshe. Barmo ya ga hanya. In ya zuba gari ba ya damawa, sai ya bari ya kwanta a gindin tukunya. Ya kwashe musu ruwan sama, shi ya shanye mai kaurin a ɓoye.

Mayaƙa suka ce, "Barmo, wannan kunu ne?"

Ya ce, "Salala ce, ta fi saurin shiga jiki."

Wani kada ya ɗago kai daga ruwa ya ce, "Kar ka dama, Barmo. Ina biye."

Washegari suka ce, "Barmo, wannan salala ce?"

Ya ce, "Tsararo ne, abincin jarumai."

Kada ya ce, "Kar ka dama, Barmo. Ina biye."

Da aka ƙara kwana suka ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Farau-farau."

Ku yaran yanzu ba ku san farau-farau ba. Ruwa ne da ya ga gari daga nesa.

Jatau kuwa kullum sai ya rage rabin ƙoƙonsa, ya miƙa masa ya ce, "Yaya, karɓi. Kai ke sha ƙarshe, na san ba ka samun komai." Mara kunyar ya karɓa ya shanye!

Rana ta take, Jatau na tuƙi, jiri ya ɗebe shi, ya faɗa ruwa. Barmo ya miƙa masa ludayi yana ihu, "Kama!" Ya kama, amma hannun ba ƙarfi. Ya suɓuce.

Kada ya ce, "Na gode, Barmo. Na daina bi."

A gida uwarsu ta dama kunu mai kauri, ƙwarya biyu. Ta leƙa bayan Barmo ta ce, "Ina ƙaninka?"

Barmo ya kai ƙwarya baki, kunu ya ƙi wucewa. Tun ranar maƙogwaronsa bai sake karɓar abu mai kauri ba. Farau-farau ya yi ta sha yana kuka har ya mutu.

In an ba ku ludayi, ku dama har ƙasa. Ba ku san cikin wa kuke ƙwara ba.

Ƙurunƙus! Na kife ƙwaryata, kowa ya je ya kwanta.