Jirgin Wa Za A Ƙona?

Da damina ta faɗi, Sarkin Ruwa Barmo ya rufe tafkin garinsu don kifi ya samu ya hayayyafa. Ya ce duk jirgin da aka yi su da shi, ƙona shi za a yi.

Ana nan sai surukansa suka aiko cewa suna tafe. Ya kira wani masunci, Jatau.

"Gobe ina son ɗanyar tarwaɗa, kwando guda."

"Ranka ya daɗe, dokar fa?"

"Doka tana nan. In kuma ka ƙi, ka bar garin nan."

Da safe Jatau ya dire kwando fal. Aka dafa, baƙi suka ci suka suɗe kwano. Sai Sarkin Ruwa ya gyara murya, don surukai su ga adalcinsa.

"Jatau, ka karya doka. A ƙona jirgin!"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ga ashana ma na taho da ita. Yana can inda ka saba ɗaure shi."

"Inda na saba me?"

"Ai nawa yoyo yake yi. Naka na shiga."

Sarkin Ruwa ya dubi ashana, ya dubi surukai, ya ce jirgi a jiƙe yake, a bari ya bushe tukuna.

Har yau bai bushe ba.